Sai aikin da zai shiga bayan mota

Duk matar sojan da ta taɓa neman aiki ta san tambayar nan: "Maigidan naki me yake yi?" Kina cewa soja ne fuska ta canja. Wata mai makarantar kuɗi a nan Kano ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Malama, takardunki sun yi, amma ku sigina ta canjin wurin aiki na fitowa kun naɗe kaya, ki bar mini aji a tsakiyar zango." Na ji haushi, sai dai ba ƙarya ta yi ba.

Ina da takardar shaidar malanta ta NCE, na yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, rajistar kuma tana aiki ko'ina a Najeriya. Amma koyarwar da nake yi a jiharmu aikin gwamnatin jiha ne, shi kuwa da wuya ya tsallake iyaka ya bi mutum. Da aka dawo da maigidana, Baban Amira, Kano, shekarun da na tara da matakin albashina duk can suka tsaya. A sabuwar jiha kuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma ake fara tambaya. Masu aikin tarayya sun ɗan fi mu sauƙi, suna iya neman canjin wuri su bi miji.

In aka tura shi Arewa maso Gabas kuma, ke ce uwa ke ce uba.

Shi ya sa a Barikin Bukavu ko Janguza za ku ga mai digiri tana ƙulla zoɓo da kunun aya, wata tana POS a kasuwar mami, wato kasuwar bariki. Ni atamfa nake sarowa a Kantin Kwari in ɗora a WhatsApp. Masu sayen suna cikin waya, ko barikin Jaji a Kaduna aka mayar da mu suna nan. Bashi ne ciwon kan. Cinikin bariki "sai albashi ya shigo" ne, kuma akwai wadda aka canja wa mijinta wuri ta tafi mini da kuɗin turmi biyu, ko sallama babu.

Ƙungiyoyin matan sojoji, NAOWA da NASWA, suna koyar da ɗinki da haɗa sabulu, magajiya, shugabar matan bariki, na bi gida-gida tana sanarwa, Allah ya saka musu. Amma ni shekara uku na yi ina koyon koyarwa. Abin da nake so su nema mana shi ne jihohi su amince matar soja ta ɗauko aikinta da matakinta zuwa inda aka tura mijinta.