Yau harafin L ya cinye min wuni guda

Talata. Tun asuba na ƙudura ba zan sake kwana da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB ba, don jiya da dare ina tsaka da haɗa wa wata ɗaliba furojet, CorelDraw a buɗe Chrome a buɗe, kawai kwamfutar ta tsaya cak, ni kuma gumi ya karyo min don ban adana aikin ba. Wannan HP EliteBook 840 G2 ɗin ita ce gonata, da ita nake ci da ita nake sha, ta hannu na saye ta amma ba ta taɓa ba ni kunya ba in ban da wannan nauyin.

Na hau adaidaita zuwa Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, na samu wani yaro mai tebur na ce 8GB nake so. Ya ce Yaya wace iri, na ce DDR3, ya miƙo min a 'yar leda na biya na juyo.

A gida na kife kwamfutar a kan darduma, na zame makullin marfin ƙasa, abin da nake so da ita ke nan ba sai da sukundireba ba. Na cire batir, na taɓa ƙarfen taga saboda wutar jiki, na sa RAM ɗin a karkace cikin ramin da ba kowa na danna, ƙarafunan gefe suka ce ƙas. Ta zauna daram. Na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, fitilar caps lock sai ƙiftawa take. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka na ƙona bod (babban allon cikin kwamfuta), ga aikin mutane a ciki.

Da na zare sabuwar sai ta tashi lafiya lau. Na kira abokina mai gyara, ko gama bayani ban yi ba ya ce malam karanto min abin da ke jikin sitika. Tsohuwar PC3L-12800S, sabuwar PC3-12800S. Ya ce to ga matsalarka nan, mai L ɗin 1.35V take sha, wadda ka sayo 1.5V, kuma furosesarka DDR3L take karɓa. Abin da ya fi damuna duk biyun ƙafa 204 gare su, tsagar ma wuri ɗaya, ido ba ya rabewa. Da DDR4 ce mai ƙafa 260 ai ko shiga ba za ta yi ba, da tun a nan na gane. Ya sa na sauke manhajar CPU-Z na duba SPD, wato shafin bayanan RAM, ga shi nan ɓaro-ɓaro, ya kuma ce bod ɗina rami biyu ne, iyakarsa 16GB.

Bayan la'asar na koma, wannan karon da kwamfutar a jaka. Yaron Allah ya yi masa albarka bai ja da ni ba, ya ce Yaya yi haƙuri da ka zo da ita tun farko, ya zazzage akwati ya nemo mai L na cika masa 'yan kuɗi. A gabansa muka sa, na danna F10 muka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na asali, ta nuna 12GB. Alhamdulillahi.

Yanzu goma ta wuce, na gama furojet ɗin na tura mata, shafi goma sha a buɗe a Chrome ko gezau. In kuɗin aikin Asabar ya shigo zan cire 4GB ɗin in sa wata 8GB, na ma ɗau hoton sitikar a wayata.