Kwanson harsashin da aka daina ƙerawa

A ƙauyenmu na ƙasar Ringim bindigar toka maharba suka sani, shi ya sa nake sha'awar masu adana Winchester ƙirar 1886 a Amurka, bindigar da ake ɗanawa da mariƙin ƙasanta. Da kamfanin Winchester ya daina ƙera harsashinta mai lamba .40-65, sai suka koma ga kwanson tagulla na wani harsashi mai lamba .45-70, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1873. Sukan gasa bakinsa ya yi laushi, sannan su matse shi ya koma girman na .40-65, sannu a hankali, domin gaggawa tana lauje tagulla. A ganina wannan ƙira ce tsantsa, kodayake dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izinin gwamnati ba.