Mata biyu, tambaya biyu, da abin da na koya a ilimin yawan jama'a

Duk wanda na gaya wa ina karantar ilimin yawan jama'a da lafiyar al'umma sai ya ce "au, ku ne masu bi gida-gida da fom lokacin ƙidaya ko?" Ni ma da haka na ɗauka wallahi, sai da na shiga wani gajeren kwas a jami'a tukuna na gane ashe ƙirga kawuna shi ne mafi sauƙin aikin.

Ranar farko malaminmu ya ba mu shekarun mutane daga wata ƙidaya ya ce mu zana, sai ga masu 30 da 40 da 50 sun yi tsiri sama, masu 29 da 41 kuwa kamar an share su. Ba ƙarya mutanen suka yi ba fa, wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba ai kintata zai yi. Har ma'auni gare shi, ma'aunin Whipple, na gane yawan wannan kintace.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne dabarar William Brass, wani masani ɗan Birtaniya. A inda ba a rajistar haihuwa da mutuwa, ta yaya za ka san yara nawa ke rasuwa? Sai ya ce a tambayi uwa abu biyu kawai, nawa kika haifa, nawa ke raye, a haɗa da shekarunta, daga nan a fitar da ƙiyasin mace-macen yara. Da muka gwada a aji na ga layi biyu a jere, mace ɗaya ta haifi shida duk suna nan, ta ƙasanta ta haifi shida saura uku, gaskiya na daɗe ina kallon layin nan kafin na iya ci gaba, domin yaran nan uku babu wata takarda a duniya da ta san da su in ba wannan amsar ta mahaifiyarsu ba.

Irin wannan aiki yana son haƙuri, a Matlab ta Bangladesh tun 1966 ake bin gidaje ana rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. Binciken DHS kuma, wato binciken gida-gida kan yawan jama'a da lafiya da aka fara a 1984, ya shiga ƙasashe sama da 90, shi ya sa da Amurka ta yanke kuɗinsa a 2025 hankalin masu bincike ya tashi, nawa ma ya tashi.

To masu tambaya ina ake koyo, akwai cibiyar nazarin yawan jama'a ta RIPS a Jami'ar Ghana, akwai irinta mai suna IFORD a Yawunde ga mai jin Faransanci, akwai makarantar lafiyar al'umma ta LSHTM a Landan, da cibiyar Max Planck a Rostock ta Jamus. Kuma ba sai likita ba, ɗan lissafi da ɗan labarin ƙasa da ma'aikaciyar jinya duk suna da gurbi. Shawarata dai kar ka zauna jiran sikolashif hannu rabbana, sauke manhajar R, ta lissafi da zana bayanai, kyauta ce, ka yi rajista ka nemi bayanan MICS, binciken gida-gida na UNICEF kan mata da yara, ka zana shekarun da kanka ka ga tsirin nan. In ka zo cike fom ɗin neman gurbi, ka samu abin nunawa ke nan.