Tsibirin da nake hange ta taga

Wata bakwai na yi a Portsmouth, kudancin Ingila, ina hangen tsibirin Wight ta tagar ɗakina ban taɓa taka shi ba. Aikin kula da tsofaffi ba ya barin mutum ya ɗaga kai. In ka taso daga aikin dare, barci kawai kake nema. Wata dattijuwa da nake kula da ita, haifaffiyar can, ita ta matsa mini. Kullum sai ta ce, "'Yata, har yau ba ki tsallaka ba?"

Ranar hutuna na hau jirgin ruwa, minti ashirin da 'yan kai sai ga mu a Ryde. Jirgin ya ajiye mu a ƙarshen wata doguwar gada da aka buɗe tun 1814, tsawonta ya haura rabin kilomita. Ina takawa a kanta na gane dalilin gina ta: teku ta janye can nesa, ta bar yashi fetal, mutane na yawo da karnukansu a inda ɗazu ruwa ne. Sau biyu a rana take tafiya ta dawo. Ni da na girma nesa da teku, na daɗe tsaye ina tasbihi.

Gidan Osborne, inda Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901, ban samu zuwa ba. Bas na bi zuwa Yarmouth, kuma nan ne ya kwanta mini a rai. Gari ne ɗan ƙarami, ganuwar da Sarki Henry na takwas ya gina a 1547 tana daf da tashar jirage. Iska na kaɗa igiyoyi a jikin sandunan jiragen, ƙil-ƙil-ƙil, kamar ana buga ƙananan ƙararrawa. Wani dattijo yana ɗaure jirginsa ya ga na tsaya kallo, ya miƙo mini bakin igiya, ya nuna mini ƙullin har sau uku sai da hannuna ya iya. Bai tambaye ni daga ina na fito ba. Ya dai tambaya ko ni ma "daga tsallake" nake, yana nuni da babban yankin Ingila. Na ce e, kuma na ji daɗin faɗar hakan.

Da yamma na leƙa Needles, duwatsun alli guda uku tsaye cikin ruwa, da hasumiyar fitila mai ja da fari a ƙarshensu.

Washegari na nuna wa dattijuwar hotunan. Ta ɗora yatsa a kan gadar Ryde, ta ce a nan mahaifinta ya koya mata kamun kifi.