Biza ta fito, karne (takardar shaidar allura) ya tsaida tafiya

Yau na raka gwaggona wurin allurar rigakafin ciwon shawara a nan Yamai, za ta umra. Wata tsohuwa a gabanmu, biza ta fito, biye na jirgi a hannu, jibi za ta tashi, sai malamar ta ce mata "Inna, karnen nan ba ya aiki sai kwana 10 bayan allura, ga ta sanƙarau ma Saudiyya na nema." Wallahi sai ta zauna bisa banci tana jujjuya ƴar takardar nan ruwan ɗorawa, ko uffan.

Abin da ya ban haushi, wanda ya amshi kuɗinta ya yi mata biza bai gaya mata ba, alhali ta shawara sau ɗaya ake yi, tun 2016 ta zama ta har abada. Ina ta tunanin tsofaffinmu nawa ne sai sun kai filin jirgin Diori Hamani suke jin wannan magana.