Dalilin da Ya Sa Nake Buɗe Sabon Faifan Fim Tun Ranar da Ya Iso

Masu tara faya-fayan fim a cikin Hausawan Jidda ba su da yawa, amma ko a ɗan ƙaramin taron nan namu an rabu gida biyu a kan abin da ya kamata mutum ya yi da sabon faifai idan ya shigo hannunsa. Wasu suna cire ledar tun kafin su zauna, su fito da faifan su juya shi a gaban fitila, sannan su sa shi a na'ura. Wasu kuwa suna jera shi a kanta da ledarsa, su ce sai ranar da suka samu sukunin kallo za su buɗe, ranar da takan yi shekara biyu ko uku ba ta zo ba. Ni ina tare da mutanen farko, domin hujjar masu barin faifai a rufe tana da daɗin ji, amma ba ta dace da ƙasar da muke zaune a cikinta da yadda muke samun kayan ba.

Wanda ya taso a Saudiyya ya san matsayin da faifai ya riƙe a gidajenmu. Gidajen sinima sun kasance a rufe fiye da shekara talatin, sai a watan Afrilun 2018 aka sake buɗe na farko a Riyad, saboda haka duk kallon da aka yi a tsawon wannan lokaci a falo aka yi shi, daga kaset zuwa VCD mai zuwa biyu-biyu saboda ɗaya ba ya ɗaukar cikakken fim, har zuwa DVD. Fina-finan Hausa kuwa a jakunkunan alhazai da masu Umara suke isowa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, su bi hannu zuwa hannu a unguwannin da mutanenmu suka fi yawa, irin su Shara Mansur a Makka da Karantina a nan Jidda. A wancan zamani idan faifai ya ƙi yi, mutum yakan taka zuwa wurin wanda ya sayar masa a canja masa. Yanzu shagunan sun ƙaranta ƙwarai, kuma yawancin abin da muke saye ta intanet muke odarsa daga Ingila ko Amurka, ko kuma mu tsince shi a cikin kayan gwanjo a kasuwar Haraj ta Sawarikh da ke kudancin gari. Yawancin shagunan intanet suna da wa'adin mayar da kaya, kuma wa'adin nan galibi yana ƙirgawa ne daga ranar da kaya suka iso, ba ya jiran ranar da mai saye ya ga damar buɗewa.

Masu barin faifai a leda suna cewa ledar tana kare shi daga ƙura da danshin bakin teku, kuma idan bugun ya ƙare a kasuwa, wanda ba a taɓa buɗewa ba ya fi daraja. Maganar daraja gaskiya ce, musamman ga bugu na musamman da ke zuwa a gidan ƙarfe ko da ɗan littafi a ciki, kuma wanda ya saya da niyyar sayarwa ba ni da ja da shi. Sai dai leda ba ta ba da shaidar abin da ke cikinta. Injin liƙe leda ba shi da tsada, kuma a kasuwar gwanjo ba abin mamaki ba ne a ga tsohon faifai an goge gidansa an naɗe shi kamar yau ya fito daga masana'anta. Ko wanda ya fito daga masana'antar da gaske yana iya zuwa da lahani. Wanda ya ajiye faifai shekara uku a rufe yana ƙirga shi a cikin dukiyarsa, cinikin biri a sama ya yi.

Dubawar da nake yi tana farawa ne kafin a taɓa ledar. Ina ɗaga gidan faifan kusa da kunne in girgiza shi a hankali, kuma idan na ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ciki, na san ko dai faifan ya kuɓuce daga mazauninsa, ko kuma ƙananan haƙoran roba da ke riƙe shi ta ramin tsakiya sun karye. Wannan yakan faru da kayan da suka yi doguwar tafiya ana jifa da su daga mota zuwa jirgi, kuma faifan da ya kuɓuce yana ta gugar gutsattsarin robar nan ne tun daga inda aka ɗauko shi. Idan na ji ƙarar, sai in kunna kyamarar waya in ɗauki buɗewar daga farko har ƙarshe, domin mai sayarwa da ke wata nahiya ba zai gamsu da baki kawai ba. Ledar kuma ina tsaga ta ne ta gefen da gidan yake buɗewa, ba ta bayansa ba, don kada reza ta yanki takardar hoton.

Daga nan sai faifan kansa. Ana sa yatsa ɗaya a ramin tsakiya, babban yatsa a baki, a karkata shi ƙarƙashin fitila mai ƙarfi har hasken ya bi ta kan fuskarsa duka. Karcen da ya taso daga tsakiya ya nufi baki bai cika yin illa ba, saboda na'ura tana iya cike ɗan giɓin da ya haifar. Wanda ya bi da'irar faifan shi ne abin tsoro, domin yana tafiya ne a kan layin da ake karantawa, ya shafe dogon yanki a jere, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake goge faifai daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi maimakon a zagaya. Akwai kuma bambanci tsakanin iri-iri. DVD faranti biyu ne na roba masu kaurin milimita 0.6 kowanne da aka manne, bayanan suna tsakiya, saboda haka yana jure karce mai ɗan zurfi har ma a iya goge shi da inji. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, bayanansa suna ƙarƙashin rufi mai kaurin milimita 0.1 kacal, an dai shafe shi da wani sinadari mai tauri da ke hana shi saurin karcewa, amma idan karcen ya ratsa, gyara yana da wuya. Mai lamba 4K da ya zo a 2016, wanda ke ɗaukar gigabait 66 ko 100, shi ne ya fi kowanne tsada kuma ya fi su rashin haƙuri, don shatin yatsa kaɗai yana iya sa hoto ya tsaya.

Wannan dubawa ce kuma take tona asirin jabu. Faifan da aka buga a masana'anta galibi ƙasansa fari ne kamar azurfa, kuma a zoben da ke kewaye da ramin akwai ƙananan lambobi da haruffa, galibi har da wata lamba mai farawa da haruffan IFPI da ke nuna masana'antar. DVD ɗin da aka ɗura a kwamfuta kuwa ƙasansa shunayya ne, kuma ana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Akwai wani dattijo mutumin Katsina da ke baza tsofaffin faya-fayai a kan tabarmar roba a Haraj, wanda ba ya yarda ya karɓi riyal ɗin mutum sai ya sa shi ya buɗe. Yakan ce, "Ɗana, buɗe shi a gabana ka duba da idonka, kada ka je gida ka ce Baba ya cuce ka." Idan ya ga mai saye bai san abin da zai duba ba, sai ya karɓa ya huro wa faifan iska, ya goge da gefen rawaninsa, ya nuna masa launin ƙasan da ɗan yatsa. Gefen rawani ba shi ne ƙyallen da ya dace ba, amma ciniki irin nasa shi ne wanda nake girmamawa.

Batun shiyya, wato kullin da ke hana faifai yi a na'urar da ba ta yankinsa ba, ya fi damun mu fiye da masu tara faifai na wasu ƙasashe, saboda kayanmu daga wurare da yawa suke haɗuwa. A tsarin DVD, Saudiyya tana shiyya ta 2 tare da Turai da Japan, Najeriya da Sudan da Indiya suna ta 5, Amurka tana ta 1. A tsarin Blu-ray kuwa Saudiyya da Najeriya da Ingila duk suna shiyyar B, Amurka tana A, Indiya tana C. Faifan 4K ba shi da wannan kulli, amma Blu-ray ɗin da ake haɗo shi da shi a gida ɗaya yana iya kasancewa a kulle. Ana rubuta alamar shiyya a bayan kwali, sai dai ba kullum abin da aka rubuta yake zama daidai ba, haka nan alƙawarin rubutun fassarar Larabci da iyali ke jira, wanda wani lokaci sai an kunna ake ganin babu shi.

Inda muke saɓawa hatta da 'yan uwana masu buɗewa shi ne ko ya isa a sa faifai a ga ya tashi. Da yawa suna kallon minti biyar na farko, su tsallaka zuwa ƙarshe, su mayar da shi kanta. A ganina wannan bai wadatar ba. DVD mai hawa ɗaya, wato shimfiɗar bayanai ɗaya a cikinsa, yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, kuma yawancin dogayen fina-finai a mai hawa biyu suke, inda na'ura take sauya hawa a wajen tsakiyar fim, har a ga hoto ya ɗan dakata kamar ƙiftawar ido. Wannan dakatawar ba lahani ba ce, amma a daidai wurin nan da abin da ke bayansa ne faifai mai matsala ya fi maƙalewa. Saboda haka ina kallon fim ɗin gaba ɗaya a cikin wa'adin mayarwa, idan kuwa jerin shiri ne mai faifai shida ko takwas, sai in fara da ƙirga su in tabbatar ba a maimaita lamba ɗaya sau biyu ba, sannan in sa su a kwamfuta wata manhaja ta karanta kowanne daga farko zuwa ƙarshe. Idan ɗaya ya ƙi, ina gwada shi a na'ura ta biyu kafin in ɗora masa laifi, tunda ƙurar garin nan tana dushe idon na'ura.

Akwai kuma lalacewar da ke tasowa daga cikin faifai, inda shafen ƙarfen da ke mayar da haske yake ruɓewa ko mannin ya saki, kuma ita ba ruwanta da ko an buɗe leda ko ba a buɗe ba. A 2025 kamfanin Warner Bros. ya amince cewa wasu DVD ɗinsa da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna daina aiki, ya kuma yi tayin canja waɗanda yake da madadinsu. Wanda ya saba komawa kan kayansa shi ne ya gano da wuri. Zafi da danshi suna hanzarta irin wannan lalacewa, mu kuwa Allah Ya hore mana su biyun a Jidda, don haka saƙon da ya wuni a bayan motar mai kawo kaya a watan Agusta ina barin sa ya huce a ɗaki kafin ya shiga na'ura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faya-fayan Hausa. Na Turawa idan ya lalace, kuɗi ne kawai aka yi asara, wani bugun zai fito. Namu kuwa da yawansu ɗura su aka yi a kwamfuta a kan faifai mai arha, aka liƙa musu takarda a sama, kuma rinin da ke riƙe da bayanan yana koɗewa da haske da zafi, takardar ma idan ta fara ɗagowa tana sa faifan ya riƙa rawa a cikin na'ura. Fina-finai masu yawa na farkon shekarun 2000 ba a sake fitar da su ba, abin da ake samu a YouTube kuma sau da yawa yankakke ne ko dusasshe. Yana yiwuwa kwafin da wata Hajiya ta kawo tsaraba daga Kano, wanda har yau yake cikin ledarsa a ƙasan akwati a Makka, ya fi duk wanda ya rage a hannun waɗanda suka shirya fim ɗin kyau. Irin waɗannan idan suka zo hannuna ina kallon su a daren da suka iso, in cire su daga siririyar ledar da suke zuwa a ciki in sa su a gida mai tauri, in jera su a tsaye nesa da taga, sannan in rubuta ranar da na gwada a wata 'yar takarda in saka a ciki, domin idan shekara ta zagayo in san waɗanda lokacin sake duba su ya yi.