Majinar autana a hunturu

Tun da hunturu ya kankama hancin autana bai tsaya ba. Safe da yamma ina bin sa da hankici, har gefen hancin ya yi ja. Daren jiya na zauna ina sauraron numfashinsa, sai darasin da nake koya wa 'yan aji biyar ya faɗo mini, wanda duk shekara sai sun yamutsa fuska in na ambaci majina.

Majina kusan duk ruwa ce, sama da kashi 90 cikin 100. Yauƙin nan nata irin na miyar kuɓewa, wasu dogayen furotin ne ke kawo shi, ana ce musu musin. Biyu ne manya a hanyar numfashi: MUC5AC da MUC5B. Kowane zare a lulluɓe yake da 'yan rassan sukari, kamar buroshin wanke kwalba, kuma a bakin rassa da yawa akwai sinadarin sayalik asid. To shi ne ƙwayar murar infuluwenza take lalube a jikin ƙwayoyin halittarmu kafin ta kutsa. Sai ta tarar da shi tun a ƙofa, cikin majina, ta cafke, ta maƙale. A ƙarƙashi kuma ga wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa wajen sau goma a daƙiƙa, suna tura majinar zuwa maƙogwaro. Mu haɗiye ba mu sani ba, asid ɗin ciki ya gama da ita.

Ita ma ƙwayar ba ta zo hannu rabbana ba. Tana da almakashinta, nuraminides, da take datse sayalik asid ɗin ta kuɓuce. Wannan almakashin ne maganin Tamiflu yake toshewa.

Bushewar iska ce ta fi ba ni damuwa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka, ƙarƙashin Akiko Iwasaki, sun ajiye ɓeraye a busasshiyar iska, suka ga share majinar da 'yan gashin nan ke yi ya yi rauni, mura kuma ta fi kayar da su. A ɓera aka gwada, amma duk wanda ya kwana Kano a watan Janairu ya tashi da hanci kamar an zuba masa toka, wani har da haɓo, zai gane. Ga ƙura kuma a kai.

Da safe maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Malama, majinar nan ta yi kore, ki aika kemis a karɓo masa kafso." Na ce mata koren daga fararen ƙwayoyin jinin da suka zo faɗa yake fitowa, shi kaɗai bai nuna ana bukatar antibayotik ba, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos, irin ƙwayar da ke kawo mura. Numfashinsa nake lura da shi. In ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa ya fara loɓawa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, asibiti za mu tafi nan take.

Yanzu dai ruwan ɗumi yake sha a kai a kai, ina ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis kafin barci, na kuma rataya jiƙaƙƙen tawul a jikin tagar ɗakinsa. Kafin asuba ya bushe ƙamas.